Shanun Huɗar Manu

A Bahindi, in ka tambayi labarin Ango maƙeri, kowa da abin da zai gaya maka. Wasu su ce yana ɗaukar jan ƙarfe da hannu. Wasu su ce ba ya faɗa da kowa, amma in ka ɓata masa rai, ƙarfen da ya ƙera maka shi zai rama masa.

Manu Bafulatani ne da ya zauna wuri ɗaya ya kama noma. Shekarar da aka samu mulkin kai ya ƙetara Dahomi, ya sayo shanun huɗa wajen wani Badande, mutumin ƙasar Dandi, ja da baƙi, horarru. Bakin garmar da ya haɗo da ita ya cinye, sai ya kai wa Ango. Yana jira, ya ga wani dunƙulen ƙarfe kafe a ƙasa, ya zauna a kai. Masu hira suka yi tsit. Ashe uwar maƙera ce, wadda ake dukan ƙarfe a kanta, ba a kuwa zama mata. Ango ya dube shi, ya karɓi bakin garmar ya gyara masa.

Ruwa ya sauka, Manu ya ɗaura karkiya. Shanu suka ƙi. Jan ya ja gabas, baƙin ya durƙusa, kunyar huɗa ta fito kamar sawun maciji. Maƙwabta suna ta shuka, gonarsa tana nan fili, damina tana wucewa.

Kowa da maganinsa. Wani ya ce a ba su ruwan da maƙeri ke kashe ƙarfe a ciki. Wani ya ce a binne bakin garmar ya kwana. Matarsa Batulu ta ce, "Kai da ka tashi cikin shanu, yau sa ya gagare ka?" Manu ya rasa na kamawa. Ranar kasuwar Bagudo, da haushi ya ci shi, ya faɗa gaban jama'a cewa Ango ya ɗaure masa shanu.

Washegari sai ga Ango a bakin gona, hannuwa a baya.

"Ɗan Fulani, ɗaura in gani."

Manu ya ɗaura. Ango ya daɗe yana duban wuyan shanun.

"Wagga kanta da karkiya ta bari ga wuyansu, ka gan ta? Jan ga ɗan hagu ne, ka sa shi dama. Mai horonsu bai hwaɗa maka ba?"

"Ban tambaye shi ba."

Ango ya sauya musu wuri, ya shafa goshin baƙin, leɓɓansa suna motsi. Shanu suka miƙe, kunya ta tafi sak har gindin itacen kargo da ke ƙarshen gona.

Manu ya tsaya riƙe da garma. Sauyin ne ya yi aiki, ko abin da tsohon ya faɗa a goshin baƙin? Ya buɗe baki zai tambaya, ya ga Ango har ya juya. Ya saki garmar, ya bi shi, ya durƙusa inda masu shuka za su ji.

"Baba Ango, na ɓata maka suna cikin kasuwa. Ka yi mini gafara."