Bakwan da Suka Yi Saura

Ranar sadakar arba'in ɗin Malam Ilyasu, mata tara suka taru a tsakar gidansa a Tsibiri don su yi masa hailala dubu saba'in. Shekara talatin ya yi yana koyar da lissafi a lakwal, makarantar boko. Matarsa Safiyatu, wadda karatunta ya tsaya a aji uku, tana zaune bakin ƙofar ɗaki cikin takaba, carbi a cinya.

Yayarsa Fasuma ce ta zo daga Jiratawa da kwanon masarar ƙirga, kuma ita ke ba da umarni.

"Kowa ta ja dubu takwas, a gama. Ƙari ba ya ɓata lada. Ni motar la'asar zan bi."

"A'a, Yaya," in ji Safiyatu. "Dubu saba'in aka ce."

"To, dubu saba'in da biyu ba ta haɗiye saba'in ba?"

"Ƙanenki ne fa. Kin san shi da kusan-kusan. Yaro ya ce masa kusan goma, sai ya kora shi waje ya je ya nemo sauran."

Mata suka yi dariya. Fasuma ta ce, "Tun yana ƙarami haka yake, ƙosai ma sai ya ƙirga."

Rahma, matar ɗan Fasuma da ke sayar da atamfa a Maraɗi, ta ciro waya ta latsa. Sai ta yamutsa fuska.

"Inna, wayar ta haukace. Bakwai, bakwai, bakwai, har sun cika gilashi."

"Lafiyarta lau," in ji Safiyatu. "Ba ta rabuwa tara ne. Haɗa lambobin har su koma lamba ɗaya: bakwai da sifiri huɗu, bakwai ke nan. In ba su tashi tara ba, ba ta rabuwa, kuma abin da suka tashi shi zai yi saura."

Malam ne ya koya wa Safiyatu wannan, a bisa babur, hanyar Maraɗi. Duk motar da ta wuce su sai ya karanto lambarta ya ce, "Safiya, ta tara ce?" Ita tana riƙe da kwandon cefane tana haɗawa, tana masa faɗan ya dubi hanya.

"Kowa dubu bakwai da ɗari bakwai da saba'in da bakwai," ta ce. "Zagayen carbi saba'in da bakwai, da 'ya'ya saba'in da bakwai. Saura bakwai. Waɗannan nawa ne."

"Oh ni!" in ji Fasuma. "Ashe malama ya bar mana."

Aka ƙirga wa kowa ƙwayar masara saba'in da bakwai. Duk zagaye ɗaya na carbi mai ɗari, a jefa ƙwaya a faifai. Tun hantsi ake yi. Kaza ta saci ƙwaya biyu a gaban tsohuwa Mariyam, aka yi ta gardama ko daga waɗanda aka ja ne ko waɗanda ba a ja ba. Safiyatu ta ƙirga tulin biyu ta raba gardamar.

Bayan azahar kowa ta sauke nata. Aka zuba wa Safiyatu ido.

Ta ja ɗaya a hankali. Ta ja biyu, uku, har shida. Sai yatsanta ya tsaya. Kwana arba'in tana da abin da za ta yi masa: karɓar gaisuwa, dafa sadaka, wannan ƙirga. In ta faɗi ta bakwai, aikin ya ƙare.

Ɗan kabu-kabun da aka kira ya kai Fasuma tasha ya yi ham a ƙofar gida. Fasuma ta riga ta ɗaura gyale. Ta dubi Safiyatu, ta kwance gyalen, ta zauna kusa da ita a tabarma.

"Rahma, ce masa ya tahi, na kwana nan." Ta dafa gwiwar Safiyatu. "Faɗi, ƙanwata. Kada ki bar shi da kusan."

Safiyatu ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta tura ɗan carbin ta ce, "La'ilaha illallah."