Feshin da Lutomia Ya Yi Mini

Ƙanena Lutomia ya cinna wa rakensa wuta da rana tsaka, a lokacin da ko mahaukaci ya san iska daga gonarsa take kaɗowa zuwa tawa.

Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Rakensa ya wuce lokacin sara, kamfanin sukari kuma kullum sai gobe, sai jibi. A wajenmu idan kamfani ya manta da kai, sai ka ƙona raken ka ce gobara ce, dole su turo masu sara da tarakta kafin ya yi tsami. Dabarar ta ci, aka kwashe nasa tas. Nawa kuwa da ko ƙirjina bai kawo ba, wa zai saya? Ya tashi a toka.

Ba raken kaɗai ya ƙona mini rai ba. Shekara da shekaru ba na share busasshen ganye bayan sara, ina barinsa shimfiɗe tsakanin kunyoyi, saboda a ciki gizo-gizo suke zama. Akwai baƙaƙe masu gudu a ƙasa, uwa goye da 'ya'yanta a gadon baya. Akwai ƙanana masu tsalle, da farare masu naɗe ganye su shige ciki, da manya masu ratsin rawaya da ke saƙa tsakanin layi da layi. Su suke cinye ƙwaron da ke zuba ƙwai a ganye, ƙwan ya zama tsutsa ta huda kara. Da su gonata take rayuwa, ban taɓa sayen maganin feshi ba.

Na iske Lutomia a rumfar mai shayi yana tsoma mandazi, wato fankenmu na nan, a shayi.

"Yaya Shikanda, zauna mana a zubo maka."

"Shayin ya ci kanka. Da ka ƙyasta ashana, idonka a aljihu yake? Ba ka ga inda iska ta dosa ba?"

"Wallahi tsautsayi ne, Yaya. Ai rake ne, zai sake toho."

"Gizo-gizon kuma fa, su ma toho za su yi?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Wani tsoho ya ce in kai ƙara wurin mai unguwa, a biya ni diyyar kowane gizo akuya guda. Na fice ina huci. Matata Khakasa ta ce in yi haƙuri, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce mata nawa hannun ba ruɓewa ya yi ba, wuta ya sa mini.

Da ruwa ya sauka raken ya yi toho, ƙasa kuwa tsirara. Na san idan tsutsa ta riga gizo-gizo isowa, wannan shekarar ma ta tafi. Sai na roƙi wani maƙwabci da gonarsa ba ta ƙone ba, ni da Khakasa muka riƙa kwaso busasshen ganyensa a buhu, da duk abin da ke ɓoye a ciki, muna zazzagewa a kunyoyina. 'Yan babur suna wucewa suna tambayar nawa nake sayar da buhun gizo. Ban kula su ba. Sannu a hankali na fara ganin yanar gizo da safe, raɓa ta kwanta a kanta. Hankalina ya soma kwanciya.

Ana haka kawun Khakasa ya rasu a can wajen Butere, muka tafi zaman makoki har aka binne shi.

Ranar da muka dawo, tun daga bakin hanya wari ya doki hancina. Na yar da jaka na suri adda na nufi gona. Ga Lutomia a layin ƙarshe, tankin feshi a bayansa, ba takalmi, ba komai a hanci, riga sharkaf da gumi da magani. Na durƙusa na ɗaga ganye. Gizo-gizon duk sun mutu sun ƙudundune, ƙafafu a naɗe.

Ya taho yana washe baki.

"Yaya, na ga yadda ranka ya ɓaci, na ce dole in wanke laifina. Mai tsadar na sayo. Ƙwari sun cika maka gona, ka ga yanzu ko guda ban bari ba."

Adda tana hannuna. Na dube shi, idanunsa jajir saboda magani, yana tsaye yana jiran godiya kamar yaron da ya share tsakar gida. Da mugunta ce da na san abin da zan yi da ita.

"Je ka yi wanka kafin ka taɓa 'ya'yanka," na ce.

Ruwan sama na gaba ya wanke maganin, ƙwaron ya dawo bai tarar da mai tare shi ba. Yanzu in ka ja tsakiyar kara sai ta zare a hannunka, ruɓaɓɓiya. Lutomia kuwa yana rumfar mai shayi yana gaya wa mutane da na bar shi ya yi feshi na biyu, da gonata ta tsira.