Kujerar Baƙo a Jirgin Yaya

Mu uku iyayenmu suka haifa, kuma ni ce ta tsakiya, shi ya sa duk rigimar gidanmu a kaina take ƙarewa. Yaya matuƙin jirgi ne, Auta ma matuƙin jirgi ne. Ni kuwa shagon magani gare ni, ƙafata a ƙasa, kuma wallahi na fi su hankali su duka biyun.

Yaya kyaftin ne a babban kamfani, mai manyan jirage. Auta yana ƙaramin kamfani, masu 'yan jiragen nan na fanka da ke kwaso fasinjoji daga ƙananan garuruwa su kawo wa manya. Fenti iri ɗaya ne a jikin jiragen, amma ba matsayi ɗaya ba. Yadda aikin yake, sai mutum ya sha wahala a ƙaramin na wasu shekaru, sannan a kira shi intabiyu a babban. Yaya ta nan ya bi. Auta ma takardunsa sun shiga, kira kawai yake jira. Tun yana goyo Yaya ke ce masa, “Ranar tashina na ƙarshe kai ne mataimakina a hannun damana.” Har gajiya muka yi da jin zancen.

Sai yajin aiki ya zo ya ɓata komai. Babban kamfani ya fara zare hanyoyi daga hannun matuƙansa yana miƙa wa ƙaramin, su Yaya suka ce ba su yarda ba, suka ajiye aiki. Su Auta ƙungiyarsu daban, ba sa cikin yajin, aka ce su tashi su ɗauki hanyoyin. Wasu suka ce zazzaɓi ya kama su. Auta ya tashi. Matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba, kuma a tunaninsa idan ya yi wa manya biyayya za su tuna da shi ranar intabiyu. Yaya na tsaye a bakin ƙofar filin jirgi cikin kakinsa, da kwalin zanga-zanga a hannu, rana na dukansa, ya ga jirgin ƙanensa ya ɗaga ya nufi garin da shi ya saba zuwa.

Da aka sasanta, manyan nan da Auta ya yi wa biyayya ko waiwayarsa ba su yi ba. Cikin sharuɗɗan sulhun har da cewa 'yan ƙungiyar su Yaya za su zauna a teburin intabiyu. To wa zai ɗauki wanda ya tashi lokacin yaji? Auta ya maƙale a jirgin fanka, furfura ta fara fito masa, waɗanda ya koya wa aiki suna wuce shi.

Akwai abin da ya fi wannan ci masa rai. A ɗakin matuƙa, bayan kujerun kyaftin da mataimakinsa, akwai wata 'yar kujera mai naɗewa da suke kira kujerar baƙo. Idan jirgi ya cika, matuƙin kowane kamfani yana iya zuwa bakin ƙofa ya cire hula ya roƙi kyaftin ya rage masa hanya. Ba a cika hanawa ba. Bayan yajin, duk ƙofar da Auta ya tsaya sai kyaftin ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, “Kujerar ta lalace.” A gaban fasinjoji zai mayar da hularsa ya juya.

Shi da Yaya kuwa ko gaisuwa babu. Idan ɗaya ya zo gidana ya ga motar ɗayan, sai ya wuce kamar ya yi ɓatan hanya.

Ana haka shekarun Yaya suka cika, ritaya ta zo. A tashin ƙarshe ana barin kyaftin ya sa wani nasa a kujerar baƙo. A makon ne kuma matar Auta ta kira ni tana kuka, wai ya samu aikin tuƙa jirgin kaya a wata ƙasa mai nisa, za su tattara su tafi. Na ce a raina, in ba a wannan kujerar suka haɗu ba, to an gama.

Na rufe shago na tafi gidan Yaya. Na same shi yana goge farar rigarsa da kansa, don ko matarsa bai yarda ta taɓa masa ita ba.

Na ce, “Yaya, wa za ka sa a kujerar?”

Ya ci gaba da guga. “Ba kowa.”

“Ƙanenka zai bar ƙasar nan, ka sani?”

Dutsen gugar ya tsaya a kan aljihu har na ji ƙauri. Ya ɗaga ya ce, “Kujera tana nan. In ya zo bakin ƙofa ya tambaya, ba zan hana shi ba.”

“Haba Yaya! Ka ɗaga waya ka kira shi mana.”

“Ba haka ake yi ba. Mai son kujera shi ke zuwa wurin kyaftin.”

“Ni ba zancen jirgi nake maka ba, zancen ɗan'uwanka nake!”

Ya ce, “Ina cikin rana da kwali ya bi ta kaina ya wuce. Ke ba ki ga abin da na gani ba.”

Na wuce gidan Auta. Falon cike da kwalaye, 'yarsa na hawa tana sauka a kansu. Na faɗa masa yadda muka yi. Ya yi wata dariya wadda ba ta da daɗin ji.

“In je bakin ƙofa in cire hula? Yaya ƙarama, kin san ƙofa nawa na tsaya? Ba zan ƙara ba, ko ta wane ne.”

“Ya ce ba zai hana ka ba.”

“To ya kira ni ya faɗa da bakinsa. Su da suke kuka an kwashe musu hanyoyi, yaushe ƙungiyarsu ta taɓa tsaya mana? Muna kwana a kan benci a filin jirgi suna kwana a otal. Sai da wuta ta kama su suka tuna mu 'yan'uwa ne.” Ya ja tef a kan kwali. “Na san na yi kuskure. Amma na biya, har yau biya nake.”

Na zage su duka biyun, na yi kuka, na yi ta zarya kamar mai tallar da ba a saya. Ƙattai biyu masu gemu, kowa na jiran ɗayan ya fara. Ranar tashin, Yaya ya tsaya a ƙofar ɗakin matuƙa yana kallon fasinjoji har na ƙarshe ya shiga. Sannan ya dube ni ya ce, “Zo ki zauna.” Ni da ko lilo ba na so, aka ɗaure ni da bel, aka ɗora min abin sauraro a kunne.

Ban san me na gani a tafiyar ba, kaina na ta juyawa. Da muka dawo muka sauka, motocin kashe gobara biyu suka tsaya hagu da dama suna harba ruwa sama don jirgin ya bi ta ƙarƙashi. Sai muryoyi suka fara shigowa ta rediyo, matuƙan sauran jirage suna ta yi masa barka. “Allah ya sa albarka, Kyaftin.” “A huta lafiya.” Yaya na amsawa ɗaya bayan ɗaya.

A gefen titin jirgi akwai wani ɗan jirgin fanka da aka tsayar don mu wuce. Sai na ji muryar Auta ta rediyo daga cikinsa.

“Sannu da aiki, Yaya.”

Ba Kyaftin ya ce ba. “Yaya” ya kira shi.

Yatsan Yaya na kan maɓallin magana. Ina kallon ƙeyarsa. Na so in kai masa duka in ce yi magana, amma an gargaɗe ni kada in ce uffan. Ruwa ya zubo a kan gilashi ya rufe komai. Cikin haka mutumin hasumiya, mai ba jirage umarni, ya ce mu koma wata tashar rediyo. Mataimakin Yaya ya murɗa rediyon kamar yadda ya saba yi kullum, ba da wata manufa ba.

A daidai lokacin Yaya ya danna. “Auta,” ya ce. “Auta, kana ji na? Ka zo gida.”

Wata baƙuwar murya ta amsa, “Kyaftin, ban gane ba. Maimaita.”

Kafin ruwan ya gama tsiyayewa daga gilashin, ɗan jirgin ya hau titi ya ruga ya ɗaga.

Muna fita na miƙa masa wayata. “Kira shi.” Ya ce, “Yanzu yana sama, wayarsa a kashe take.” Gaskiya ya faɗa, na ƙyale shi.

Auta ya tafi da iyalinsa. Na gaya masa abin da na ji da kunnena, ya ce shi dai ya yi magana, shiru aka ba shi. 'Yar tasa yanzu har ta shiga makaranta, ba ta san fuskar Yaya ba. Shi kuma Yaya kullum da hantsi yana zuwa shagona ya zauna a kan benci, in jirgi ya wuce ya ɗaga kai. Takaici ya ishe ni, sai in ajiye masa waya a kan cinya in ce ga lambar Auta nan. Sai ya duba agogonsa, ya daɗe yana dubawa, ya ce, “Bari dai. Yanzu yana sama.”