Hunturu a Motar Dakta Lawal

Saani ya rasa wurin kwana ne a farkon hunturu, lokacin da mai gidan da yake haya a unguwar Edmonton ta London ya sayar da gidan, aka fitar da kowa. Ɗan zangon Kumasi ne, ya haura hamsin. A can ya koyi kanikanci, a London kuwa wankin mota yake yi a bayan wani gidan mai. Ya je council, hukumar unguwa mai ba da gidaje, suka ce ya jira.

A masallacin Tottenham Dakta Lawal ya ji labarinsa. Likita ne mutumin Zariya, mai fara'a, mai son a gan shi yana alheri. Yana da wata tsohuwar campervan, irin motar nan mai gado da murhu da ɗan banɗaki a ciki. Tun da ya saye ta ya ajiye a filin bayan gidansa ba ta ƙara tashi ba.

"Ka zauna a ciki, Malam Saani," in ji shi. "Ka riƙa duba mana ita. Idan summer ta zo za mu zagaye ƙasar nan kaf, Wales, Scotland, har inda hanya ta ƙare. Kai ne direba."

Saani ya kama hannunsa da hannu biyu, ya yi ta godiya har mutane suka fara waiwaye.

Hunturun ya yi tsanani. Rufin motar na yoyo, katakon ƙasa ya ruɓe, da safe sai ya kankare ƙanƙara daga cikin gilashi. An ja masa wayar wuta daga kicin, amma Hajiya Zinatu, matar Dakta, takan zare ta idan za ta kunna injin wanki, ta manta ba ta mayar ba. Bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ya tuna mata ba. Tari ya kama shi, ya ƙi sakinsa.

Duk da haka, da ya dawo daga aiki sai ya shiga ƙarƙashin motar. Ya toshe rufin, ya shimfiɗa sabon katako, ya kwance injin ya sake haɗawa. A wurin aiki ya riƙa tambayar masu kawo wanki ko sun taɓa zuwa Scotland. Wani ya ce masa akwai inda za ka yi ta tafiya ba ka ga mutum ba, sai tumaki da duwatsu da ruwa. Saani ya kira ƙanwarsa Amamata a Kumasi ya faɗa mata, ta yi ta dariya, ta ce ya turo hoto. Ya sayi takalmin hawan dutse na gwanjo, ya ajiye a ƙarƙashin gado.

Ranar da injin ya kama, da gudu ya zagaya ƙofar gida, hannu duk baƙin mai.

"Dakta! Mota ya tashi! Wallahi ya tashi!"

Dakta ya fito, ya ɗauki bidiyo, ya dafa kafaɗarsa.

Ana jibi tafiya Saani ya dawo daga aiki ya tarar da ƙofofin motar a buɗe. Hajiya na ciki da safar roba a hannu, tana goge bango da bilic. Babbar 'yarsu Zarah na tsaye a waje ta toshe hanci da gyale.

"Mum, it still smells of him," in ji ta, wai har yanzu motar na warinsa. Ta gan shi sarai, ba ta rage murya ba.

Kayansa na gefen kwandon shara, a cikin baƙaƙen leda. Katifarsa an jingine ta da katanga, yayyafi na sauka a kanta.

Dakta ya ja shi gefe. "Malam Saani, an samu 'yar matsala. Insurance ba su yi covering ɗinka ba. Ni zan tuƙa. Ka ga kuma wurin kwanan, daga mu sai yara."

"Ba komai, Dakta. Ni zan kwana waje, cikin tanti."

"A'a, ba zai yiwu ba. Tafiyar iyali ce."

"To kafin ku dawo, ina zan zauna?"

Dakta ya dubi wayarsa. "Gidan dai za mu kulle. Ka sake tuntuɓar council, yanzu ai babu sanyi."

Saani ya tambaye shi tun yaushe ya san maganar insurance ɗin. Hajiya ce ta amsa daga cikin motar, ba ta ko juyo ba.

"Tun farko mana. Da an faɗa maka, da ka tsaya ka gama?"

An bar shi ya kwana a rumfar kekuna har ranar tafiya. Da safe suka loda tukwane da barguna da kujerun naɗewa. Dakta ya miƙa masa waya, ya ce ya ɗauke su a gaban motar. Ya ɗauka. Hajiya ta duba ta ce hoton bai fito ba, ya sake. Ya sake. Suka tafi suna ɗaga masa hannu, shi yana tsaye a titi da ledojinsa.

Ya ajiye kayan a wurin aiki, ya koma kwana a ɗakin ajiyar sabulu idan mai wurin ya kau da kai. Hotunansu suka riƙa shigowa group ɗin masallaci: ga su a bakin tafki suna gasa nama, ga Dakta yana sallah a kan ciyawa, duwatsu a bayansa. Mutane na ta rubuta Masha Allah. Amamata ta kira shi, bai ɗauka ba.

Da suka dawo, Dakta ya sa motar a kasuwa. Tun da yanzu tana tashi, nan da nan aka saye.

Wata Juma'a liman ya yi huɗuba a kan taimakon ɗan'uwa. Bayan sallah ya ce akwai misali a cikinmu, bawan Allah da ya ba wani wurin kwana hunturu guda bai karɓi komai ba. Dakta ya sunkuyar da kai yana murmushi. Na kusa da Saani ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Tashi mana ka yi godiya."

Saani ya tashi. Tari ya sarƙe shi, jama'a suka jira ya gama.

"Na gode, Dakta," ya ce. "Allah ya saka."

Masallaci ya amsa da amin.