Zare Sittin da Huɗu

Ni ke kula da kwamfutocin asibitin. Ranar Litinin na taɓa wadda ke haɗa hotunan cikin kai, don likitoci sun dame ni da ƙorafin tana da nawa. Ƙwaƙwalwa takwas gare ta. Aiki kuwa yanka shi take gida-gida, kowane yanki muna ce masa zare. Na tarar da zare takwas, na mai da su sittin da huɗu, wai don ta ƙara sauri. Na gwada da hoto ɗaya, ya fito lafiya lau. Ban gaya wa kowa ba.

Laraba da hantsi aka kawo mutum uku daga haɗarin mota. Babbar nas, wadda duk muke kira Anti, ta bugo mini waya.

"Injiniya, bar abin da kake yi ka zo."

Na tarar da likitan tiyata tsaye da hularsa, ya zuba wa allo ido. Ta gilashi ina hango matar da aka ɗauki hoton kanta a ƙarshe, jini na bin kunnenta, takalmi ɗaya a ƙafa. Allon ya maƙale a kashi goma sha ɗaya cikin ɗari.

"Saura minti nawa?" in ji likita.

"Yallaɓai, a da minti biyu take yi."

"Ba na da nake tambaya ba."

Na duba ciki. Ƙwaƙwalen takwas duk sun cika maƙil, fanka sai kuka take, amma aiki ba ya gaba. Hotuna uku ne a tare, kowane da zare sittin da huɗu, zare kusan ɗari biyu ke nan suna wawaso. Kowace ƙwaƙwalwa ta ɗauki wannan, ta ajiye, ta ɗauki wancan, lokacinta duk ya ƙare a musaya. Na juya wurin likita.

"Sai na rage zaren na sake kunna ta. Minti shida."

"Ƙwayar idonta ɗaya ta fara faɗi, alamar jini na taruwa a kanta," likita ya ce a hankali. "Yi."

Sau biyu na kuskure kalmar sirri. Na ji bakina na cewa, "Ni na canza shi, shekaranjiya."

Anti ta dafa kujerata. "Ƙanena, wannan bayanin sai anjima. Buga."

Na mai da shi takwas, na sa hoton matar a gaba. Da ya fito, likita ya nuna wani farin tabo a gefen hagu, inda jini ya taru, ya fice da gudu, aka tura gadon a bayansa.

A baranda mijinta, wani dattijo, ya riƙe mini hannu. "Ɗana, kai ma likita ne?"

"A'a, Baba."

Sai la'asar Anti ta leƙo ofishina. Ta ce matar na numfashi, amma ba ta farfaɗo ba, kuma likita na son bayanina a rubuce. Na tambaye ta ko jinkirin ne ya jawo.

"Wannan kam," ta ce, "babu mai iya gaya maka."