Jar Waya, Baƙar Waya

Ƙafar Malam Sajo ta kumbura har gwiwa lokacin da aka kwantar da shi a bayan motar ɗansa. Kububuwa ce ta sare shi a gonar albasa, da hantsi. Laraba, matarsa, ta tallafe kansa a cinyarta tana jin numfashinsa yana sarƙewa.

Ɗansu Khalid ya murɗa makulli. Motar ta yi ƙas-ƙas, ta yi shiru.

"Batir na ya mutu, Inna."

Idonsa jawur, muryarsa a narke. Laraba ta san wannan muryar. Duk ƙauyen Kwargaba an san kwalaben maganin tarin da samari ke shanyewa a bayan tasha, sai dai kowace uwa cewa take ɗan wata ne.

* * *

Yusha'u mai a-kori-kura yana hanyar Achida da lodin albasa aka tare shi. Ya kawo motarsa hanci da hanci da ta Khalid, ya miƙo masa wayoyin haɗa batir guda biyu, ja da baƙa.

"Ka san kan da za ka sa kowace?"

"Mi kaka nuhi? Yau nih hwara tuƙi?"

Laraba ta leƙo ta taga. Ta ga ɗanta yana laluben kan batir kamar makaho. Ta buɗe baki za ta ce Yusha'u ya karɓa, sai ta dubi mazan da suka kewaye motar. Ta rufe bakin, ta mayar da kanta cikin mota.

Tartsatsi ya tashi. Wani abu ya fashe, warin ƙonanniyar roba ya cika motar.

"Ka juya su!" Yusha'u ya fizge wayoyin. "Ja ga baƙi ka sa!"

Ya ruga ya murɗa nasa makullin. Ko fitila ba ta kawo ba. Motoci biyu ke nan, kuma babu ta uku a kusa.

"Laraba," in ji Malam Sajo a hankali, "mun tashi?"

"Yanzu, Malam."

* * *

A kan babur aka ɗauki Malam Sajo, mutum gaba, mutum baya. Bai kai asibitin Wurno da rai ba.

Makaniken da ya zo daga baya ya ce ƙwaƙwalwar injin motar Khalid ta ƙone. Motar ta zauna a ƙofar gida. Da rana ta take, masu zaman makoki suka ja tabarminsu zuwa inuwarta, suna yi wa Khalid ta'aziyya, suna cewa kwana ne ya ƙare. Laraba tana jin su daga zaure.