Keken Malam Abdulhadi

Tun daminar ba ta yi nisa ba magana ta zaga ƙauyen, har ta kai kasuwar Tsanyawa: wai marigayi Malam Abdulhadi, mai kayan koli, yana dawowa gida a kan kekensa. Kullum da la'asar sakaliya, daidai lokacin da ya saba dawowa daga talla, sai a ji gurnanin taya daga cikin ɗakinsa da ke rufe. Daga ƙarshe a ji ƙararrawa, sannan shiru. Ba a ganin sawu a ƙofar gida, ko da an yi ruwa ƙasa ta yi laushi.

Matarsa Maimunat na cikin takaba, ita kaɗai a gidan. Matan da ke zuwa taya ta zama suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ƙanin mamacin, Alhaji Naziru, ya yanke cewa ranar Juma'a za a fito da keken a ƙone, a toshe ɗakin, Maimunat ta koma gidansa.

Hajiya Kaltume, tsohuwar shugabar makarantar firamare, ita ce ƙawar Maimunat tun suna 'yan mata. Da aka kawo mata labarin, cewa ta yi Abdulhadin da ta sani ko da ransa ba ya taka keke a banza, balle yanzu da ya samu wurin hutawa. Amma ranar Alhamis ta yafa mayafi ta bi siririyar hanyar da ta ratsa gonaki.

Dawa ta yi tsayi ta rufe ko'ina, ba ka ganin gida sai ka kusa cin karo da danga. Hadari ya taso ya tsaya bai zubo ba. Tana dab da zaure ta ji gurnanin. A hankali ya faro, kamar ana niƙa a nesa, sannan ya yi ƙarfi, ya sassauta kamar mai hawan tudu, ya sake sakin jiki. Ga kuma ɗan ƙas-ƙas ɗin kacar nan da kowa a ƙauyen ya sani. Tsigar jikinta ta tashi, abin da ya ba ta haushi.

Ta yi sallama ba a amsa ba. Tsakar gida a share, kaji sun lafe a gindin rumbu. Ta tura ƙyauren ɗakin.

Cikin duhu-duhu ta fara hango mutum a kan sirdi, lulluɓe, ƙafafu na juyawa, keke na gudu amma bai gusa ko taki ɗaya ba. An ɗaure tayar baya a kan wani ƙarfe mai ƙafafu, tana gogar wata 'yar gangar ƙarfe da ke yin gurnanin. Mai tuƙin ido a rufe, tana magana ƙasa-ƙasa: ga tsamiya nan, ga kwari, an wuce rijiya. Ta ja birki, ta kaɗa ƙararrawa, ta buɗe ido.

"Ke da Allah, Malama, haka ake faɗo wa mutane?" in ji Maimunat tana haki.

"Na zo gaishe da fatalwa ne. Ashe ma zani take ɗaurawa."

Suka zauna a bakin gado. Maimunat ta ce likita ne ya matsa mata da motsa jiki saboda ciwon suga, ga shi takaba ta hana ta fita. Ɗanta Munir ya nuna mata kayan motsa jiki iri-iri a waya. Akwai sabon inji mai sirdinsa, wanda ba ya ƙara ko kaɗan, shi ya so ya saya. Ita ta zaɓi wannan ƙarfen, don shi ne ake ɗora keken gida a kai. Ya kawo shi a kwali, maƙwabta suka ɗauka fanka ce, ta sa shi ya rantse ba zai faɗa ba, ya koma bakin aikinsa. Hanyar da take ambata kuwa, ta tallan Malam ce, ba ta taɓa bin ta a keke ba. Malam ne yake ba ta labarinta kullum yana kwance kaya, har ta haddace.

Kaltume ta tuna mata gobe Juma'a. Ta ce zaɓi biyu ne: ko gari ya san tsohuwa mai takaba tana hawa keke, ko keken ya zama toka. Maimunat ta daɗe tana shafa sirdin da ya lotsa daidai zaman mai shi.

"Za su yi da ni har in mutu."

"Za su yi. Ni ma zan taya su."

Maimunat ta yi 'yar dariya, ta goge ido da bakin zani. "Je ki faɗa masa."

Kaltume ta tarar da Alhaji Naziru a ƙofar gidansa da mutane, an riga an ajiye galan ɗin kananzir a gefe. Ta gaishe su, ta tsaya.

"Alhaji, Malam Abdulhadi yana kabarinsa. Maimunat ce ke tuƙa keken, kullum da la'asar."